Farar Kujera a Ƙarshen Sahu

Tun ranar da aka rufe Baba nake jin wata magana tana yawo a bakin masu zuwa gaisuwa, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Kowa ya shigo tsakar gidanmu na Ketaren Gwari sai ya ce Allah ya jiƙan Malam, ya tambaye mu ya haƙuri, sannan ya ɗora da cewa ba a taɓa ganin mai tawali'u irinsa ba, mutumin da ya ga ƙafarsa ta gaza ya sauka daga limanci da kansa ya miƙa wa ƙanensa. Wata tsohuwa da ta zo daga Kuta har da hawaye ta faɗa. Matan unguwa suna ta gyaɗa kai, cikinsu har da waɗanda na san mazansu suna sahun gaba ranar da abin ya faru. Inna tana takaba, kanta a sunkuye, amin kawai take cewa. Ni kuwa duk sanda na buɗe baki sai Gwaggo ta mintsine ni a cinya ta ce ba a musu a zaman makoki.

To, an tashi daga zaman makoki. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Baba ya riga mu. Amma Baba bai sauka daga limanci ba. Sauke shi aka yi, kuma ba wanda ya yi masa ko sallama kafin a sauke shi.

Masallacin ƙofar gidanmu Kaka ne ya gina shi, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna ya zauna. Bangonsa ɗaya da ɗakin Inna, saboda haka mu mata ba mu taɓa shiga ba amma babu abin da ke faruwa a ciki da ba mu sani ba. Mun san tarin ladan, mun san wanda yake makara, mun san ranar da aka yi sabon baƙo mai jan amin. Baba ya gaji limancin daga Kaka, ya kuma gaji keken ɗinki. Tela ne na manyan riguna, mai tsokanar masu kawo ɗinki. In mutum ya ce a yi masa daidai jikinsa, sai Baba ya dubi tumbinsa ya ce, "Jikin yau ko na bayan Sallah?" Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa, haka ma ƙanensa Baffa. Wannan suna ya ɓata ni ƙwarai, domin tun ina ƙarama nake faɗa wa manya abin da na ga dama ana dariya.

A kan keken nan ciwon ya fara, a shekarar da soja suka miƙa mulki. Ya ce cinyarsa ta dama tana masa nauyi in ya taka. Aka shafa man zafi, aka kira mai ɗori ya ɗaure da kara duk da babu karaya, sai kumburi ya ci gaba a saman gwiwa. Da aka je asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙari ne ya cinye ƙashin cinya daga ƙasa, kuma abin da suke iya yi a nan shi ne a yanke ƙafar.

Zan faɗi alherin Baffa a nan don kada a ce na ɓoye. Shi ne ya miƙe a zaure ya ce, "Ba za a yanke wa Yaya ƙafa ina raye ba." Shi ya yi ta zirga-zirga har aka samu hanyar Masar, shi ya bar shagonsa ya raka shi, shi ya riƙe masa buta a asibiti. A can aka auna ƙashin Baba, tsawo da kauri, aka ƙera ƙarfe daidai da shi, aka cire ruɓaɓɓen ƙashin da gwiwar gaba ɗaya aka sa ƙarfen a madadinsu. Baba ya dawo yana ba da labari yana dariya. Ya ce, "Ni da na ƙare rayuwata ina auna mutane, yau ga ni an auna ni har ƙashi. Sun iya ɗinki, ba laifi." Ya ce likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya gaya masa ƙarfe ba ya warkewa kamar ƙashi, ci yake yi a hankali, wata rana zai saki, kuma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasuwa duka ba.

Haka kuwa aka yi. Ya yar da sanda, yana zuwa kasuwa da ƙafarsa, yana taka keke da hagu. Amma gwiwar rabi take lanƙwasuwa ta tsaya. In zai yi sujada sai ya durƙusa a kan ta hagu, ya miƙe ta dama gefe, ya kai goshinsa ƙasa. Tashi ne aiki. Sai ya dafa ƙasa da hannu biyu ya yunƙura, kuma daidai lokacin da ƙafar za ta miƙe sai ƙarfen ya ce ƙas. Lasifikar masallaci tana kama wannan ƙara ta watsa wa unguwa. Mu a ɗakin Inna da ita muke gane an tashi raka'a ta biyu. Samari suka mayar da abin dariya, manya kuma suka mayar da shi abin tattaunawa a teburin mai shayi, ko sallar wanda ya bi liman mai miƙaƙƙiyar ƙafa ta yi ko ba ta yi ba. Duk unguwa ta san ana wannan magana. A gaban Baba kuwa, "Malam, ya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi."

Ranar da aka yi abin ina gida, na zo wankan jego na ɗan fari. La'asar ce, an ɗauke ruwa ke nan. Baba yana alwala a bakin rijiya, Inna tana zuba masa ruwa a ƙafar dama domin hannunsa ba ya kaiwa. Sai muka ji iƙama. Inna ta ce, "Yau ladan sauri yake yi." Ba ta rufe baki ba muka ji kabbara, kuma muryar Baffa ce. Ruwan butar ya ci gaba da zuba a ƙasa Inna ba ta sani ba.

Baba ya ce, "Ƙarasa mini wankin ƙafar."

Ta ƙarasa. Ya naɗa rawaninsa kamar kullum, bai yi gaggawa ba, ya fita. Abin da ya tarar Yayanmu ne ya gaya mana daga baya. Sahu ya cika, kuma a can ƙarshe, kusa da inda ake ajiye takalma, an ajiye sabuwar farar kujera ta roba, ko takardar kantin ba a ɓare mata ba. Baba ya dube ta, ya tsaya a gefenta ya bi sallar a tsaye, ya yi sujadarsa a kan jiƙaƙƙen siminti da ƙafarsa a miƙe. Da aka yi sallama kowa ya duƙufa a kan carbinsa. Sai ya ɗauki kujerar da hannu ɗaya ya shigo da ita gida, ya ajiye a ɗakinsa kusa da gado. Ya ce da Inna, "An yi mini kyauta, amma ba a faɗi wanda ya bayar ba."

Na ajiye jaririna na jawo mayafi. Na ce wallahi sai na fita na tambayi Baffa a gaban jama'a ko a Masar aka koya masa wannan.

Baba ya ce, "Uwata, zauna."

Na ce, "Masallacin ubanka ne fa!"

Ya ce, "Ubansa ne shi ma. Zancen hukunci kuma na fi su saninsa, ni na karantar da shi. In zuciyarsu ba ta kwanta da salla a bayana ba, suna da hujjarsu, ban ce a bi ni dole ba. Abu ɗaya ne. Da ya shigo ya zauna a nan ya ce, Yaya, ƙafar nan ta hana, da ni zan kama hannunsa in kai shi gaba in tsaya a bayansa." Sannan ya ce, "Zai zo. Kunya ce ta riƙe shi, ki ba shi lokaci."

Wannan zuwan shi Baba ya jira har ya mutu. Bai taɓa zama a kan kujerar ba. Rawaninsa yake ratayawa a kanta, wani lokaci tawul. Yana fita kowace salla ya tsaya a ƙarshen sahu bayan ƙanensa, ya dawo. Baffa kuwa bai daina shigowa ba, kada a ce sun ɓata. Duk Juma'a zai leƙo, duk Sallah zai zo da 'ya'yansa, ya zauna a tabarma ya ba kujerar baya, a yi hirar ruwan bana da tsadar taki. Baba yakan bar ɗan shiru a tsakiyar hira, irin wanda ake bari don mutum ya samu wurin shigar da magana. Sai Baffa ya cike shirun da tambayar lafiyar jikoki.

Sai kuma aka samo wa Baba wani aiki. Wani maƙwabci ya rasu Baffa ya yi tafiya, aka rasa mai sallar jana'iza, wani ya tuna ai ita babu ruku'u babu sujada, a tsaye ake yinta daga farko har ƙarshe. Ƙafar ƙarfe kuwa ta iya tsayuwa. Aka kira Baba ya yi. Daga ranar aka bar masa, har ana ganin an yi masa gata. Ya karɓa da zuciya ɗaya, domin yana cewa mamaci ba ya duba ƙafar liman. Amma unguwa ba ta bar shi haka ba. Yara suka sa masa limamin gawa. Mutumin da a da in ba ka da lafiya shi ne farkon mai sallama a ƙofarka, da ɗan lemo a aljihun riga, sai ya zama ana tsoron ganinsa. Wata rana ya je duba wani abokinsa na yarinta a Fadikpe, kusa da gidan aurena, ina biye da shi. Matar ta fito ta tare ƙofa ta ce mai gidan yana barci, alhali muna jin tarinsa da rediyonsa. Baba ya miƙa mata lemon ya ce a gaishe shi in ya tashi. Da muka kai bakin titi sai ya ce, "Tana da gaskiya, Uwata. Ni ma da na ga kaina tafe da na ji tsoro." Daga ranar bai sake zuwa dubiya ba sai an aiko.

Ƙarfen ya yi masa fiye da shekara goma kafin ya fara nuna gajiya. Da fari zafi ne in ya daɗe a tsaye. Sai ƙafar ta soma gajarta, har mai gyaran takalma ya ƙara masa tudu a na dama. Sai wata 'yar ƙofa ta buɗe a gefen gwiwa tana fitar da mugunya, ta rufe ta sake buɗewa. A hoto an ga ƙarfen yana motsi a cikin ƙashi, ƙashin da ke riƙe da shi ya zama siriri. Likita ya ce ko a sake wani ƙarfen mafi tsawo, kuma ba ya ba da tabbacin ragowar ƙashin zai riƙe, ko a yanke daga sama a huta. Baba ya ce, "Likita, saboda ƙafar nan aka mayar da ni ƙarshen sahu. In na ba ka ita yanzu, na tashi babu ko ɗaya ke nan. Tare za mu tafi." Na yi masa faɗa, Yayanmu ya roƙe shi, bai saurare mu ba. Ni ban taɓa jin haushin ƙarfen nan ba, ban kuma ji haushin waɗanda suka sa shi ba. Sun faɗa masa gaskiya tun ranar farko, ido da ido, su da ba su haɗa komai da shi ba.

Mai wanke masa ciwon maƙwabciyarmu ce, Kirista daga kudancin Kaduna, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Mama Nas. Lokacin da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, duk farkon zango Baba yakan aika a kira su ya auna su, ya ɗinka musu kayan makaranta, ya ce ragowar yadi ne. Mu mun san sabon yadi yake sayowa. Ita ce take zuwa kullum da safe da audugarta, ba ta toshe hanci, ba ta kuma tauna magana.

Takan ce, "Malam, wannan ƙafa zai kashe ka fa. Ka hau kujeran nan mana in samu in wanke da kyau, bayana yana ciwo."

Shi kuma ya ce, "Ba tawa ba ce, Mama. Ajiya aka ba ni."

Ta dube ni ta ce, "Babanki da taurin kai, Allah kaɗai."

A zaman makoki ita kaɗai ce ba ta yi zancen tawali'u ba. Ta zauna kusa da Inna ta riƙe hannunta, da ta ji ana maimaita labarin sai ta ja tsaki ta tashi ta tafi wanke-wanke.

Zuwan Baffa na ƙarshe ina ɗakin ina yi wa Baba fifita. A lokacin zazzaɓi ya riga ya kama shi, ko jana'izar ma ya daina fita, a kan gado yake salla. Baffa ya yi sallama ya shigo, ya dafa bango, ya sauka kan tabarma a hankali yana cije leɓe. Suka gaisa. Baba ya bar masa shirun nan nasa, mai tsawo, har na ji kunya ta kama ni ni da ba ni da laifi. Na ga bakin Baffa ya motsa. Sai ya ce, "An ce doyar Kuta ta yi kyau bana." Baba ya ce haka ya ji. Da zai tafi sai da ya yunƙura sau biyu kafin ya miƙe.

Bayan fitarsa Baba ya ce, "Kin ga tashinsa?"

Na ce na gani.

Ya ce, "Gwiwoyinsa sun tafi. Ina jinsa ta lasifika, in zai tashi raka'a ta biyu sai ya ja kabbara ya ja, don kada a gane. An gane kuwa. Na tabbata yanzu haka ana zancensa wurin mai shayi. Abin da aka yi mini za a yi masa."

Na ce, "Madalla. Ya ɗanɗana ya ji."

Ya ɗago kai ya harare ni, rabon da ya harare ni tun ina yarinya. Ya ce, "Uwa ba ta faɗin haka a kan ɗanta." Ya nuna kujerar da haɓa. "In na tafi, ki ɗauke ta da hannunki ki kai masa, da rana tsaka. Ki zauna ki gaya masa da baki cewa ƙafa ta hana, ya zaɓi wanda zai gaje shi ya kai shi gaba da kansa, tun kafin su ajiye masa wata a bakin takalma. Sunan uwarmu gare ki, ba zai iya tashi ya bar ki ba."

Na ce ban yi alkawari ba. Ya ce ya sani, amma zan yi.

Bayan sadakar bakwai na sauke rawaninsa daga kanta na ba Inna, na goge ƙura, na ɗora ta a ka na ratsa layi, mutane suna kallo. Na samu Baffa a zaurensa shi kaɗai yana shafa man zafi a gwiwa, ya yi sauri ya sauke wando. Da ya ga abin da na ajiye, fuskarsa ta canza.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Ya ce, "Uwata, bai ce komai ba bayan wannan?"

Na ce, "Bai ce ba. Jiranka ya yi."

Ya ce, "Na sha zuwa da maganar a bakina."

Na ce, "Mun gan ka, Baffa. Doya ka tambaya."

Ya sa gefen rigarsa ya rufe fuska. Na jira in ji ko sau ɗaya ya ce na yi wa Yaya laifi, ko da ni kaɗai zan ji. Bai ce ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka, na tashi na tafi.

A Magaribar ranar ina ɗakin Inna muka ji an yi iƙama, sai muryar Baffa ta lasifika yana cewa tsufa ya zo, gwiwa ta gaza, ga wanda ya zaɓa. Yayanmu ya ce Baffa ya kama hannun wani matashin malami ya kai shi gaba da kansa, ya ratsa sahu ya koma baya ya zauna a kan kujerar, mutane suna ta share hawaye. Washegari labari ya cika unguwa. Aka ce abin a jininsu yake, yadda yayansa ya yi haka shi ma ya yi. An faɗa a gabansa, Yayanmu yana wurin, kuma Baffa bai gyara musu ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ya tashe shi da ƙafafunsa biyu lafiyayyu a sahun gaba. Shi ya yafe, na gani da idona. Ni ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na kai ba. Ina zuwa taya Inna zama har ta fita takaba, kuma duk La'asar in an tashi raka'a ta biyu sai mu yi shiru ni da ita, ba tare da mun shirya ba, muna jiran ƙas ɗin nan. Abin da muke ji ta bango shi ne ƙafar kujerar roba tana gogar siminti.